DAMAGARAM: TAFIYAR FATA DAGA ƘAUYE ZUWA MAJEMA

Alhamis ce babbar ranar kasuwa a Damagaram. Tun kafin rana ta fito hanyoyi sun cika. Mutanen Mirya suna shigowa ta gabas, na Tanut ta arewa, na Magarya ta kudu. Wasu bisa jakai, wasu cikin amalanke, wasu a mota. Kowa da abin da ya kawo: hatsi, wake, gyaɗa, tabarmi, tukwane, bisashe.

Cikin masu shigowa akwai wani magidanci daga wani ƙauye na ƙasar Mirya. Manomi ne, yana kuma kiwon awaki da tumaki kaɗan. Yana tafe da ɗansa, yaro ɗan shekara 13. Kayansu ɗauri ɗaya ne: fatu 12, na awaki da na raguna. Wasu na layyar gidansa ne, wasu na ƴan uwa da suka ba shi saƙo. Rumbunsa ya yi ƙasa, ga damina da saura. Niyyarsa ya sayar da fatun ya auni hatsi.

A Kasuwar Dole ya sami mai sayen fatu. Mutumin ya kwance ɗaurin. Ya riƙa ɗaga kowace fata yana duba ta da hasken rana. Ya lanƙwasa ta, ya shinshina, ya shafa gefen nama da tafin hannu. Sannan ya kasa su kashi uku.

Ya ce: "Malam, waɗannan 3 na saya da cikakken kuɗinsu. Waɗannan 5 rabin kuɗi. Waɗannan 4 kuwa, ko kyauta ka ba ni, ɗaukarsu wahala ce."

Ran manomi ya ɓaci. Ya ce: "Haba Alhaji! Don ka ga mun fito daga ƙauye? Ai duk fata fata ce."

Alhaji bai yi fushi ba. Ya ce: "Kada ka yarda da maganata. Ɗauki huɗun nan ka kai majema. Idan majema suka ce suna da kyau, ka komo in biya ka ninki biyu."

Manomi ya bar 8 ajiya, ya naɗe 4 ya ɗora wa yaro, suka kama hanya.

GARI TSAKANIN DUWATSU

Wanda bai taɓa zuwa Damagaram ba, abin da zai fara gani shi ne duwatsu. Manya-manya ne, masu sulɓi, wani bisa wani, kamar an jera su da hannu. Gidaje suna raɓe da su. Saboda wannan dutse da ke ƙarƙashin ƙasa, garin ya daɗe yana shan wahalar ruwa.

Tsohon gari kashi biyu ne. Akwai Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, da lunguna masu ƙunci, da gidajen ƙasa masu zane a fuskar zaure. Akwai kuma Zango, inda fatake da ayarin raƙuma suke sauka a zamanin da. Sarki Tanimu, wanda ya yi sarauta fiye da shekara 30 har zuwa 1884, shi ya ƙarfafa garin, ya kewaye Birni da ganuwa. Har yanzu ana ganin guntayenta a wasu wurare.

A zamaninsa ayari yakan taso daga Kano, ya yada zango a Damagaram, ya bi ta ƙasar Abzin, ya ratsa hamada ta Gat da Gadamas, har Tarabulus a bakin teku. Tafiyar watanni ce. Cikin kayan da raƙuma suke ɗauka akwai gashin jimina, da hauren giwa, da fatun awaki jemammu. Daga bakin teku fatun suke shiga jirgin ruwa zuwa Turai. Da yake Nasara a hannun Larabawan arewa suke sayensu, sai suka riƙa kiransu fatun Maroko, alhali da yawansu daga ƙasar Hausa suka fito. Da su ake yin bangon littattafai masu tsada, da safar hannu, da takalma.

Babban attajirin Zango a ƙarshen wancan zamani shi ne Malam Yaro. Sunansa aka sa wa masana'antar jima ta zamani da aka kafa a garin daga baya.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Garin ya zama babban birnin mulkinsu a wannan ƙasa har 1926, lokacin da aka mayar da mulki Yamai. Jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Daga nan fatu suka juya kudu, hanyar hamada ta mutu. Amma jima da dukanci ba su mutu ba.

MAJEMA

Mai neman majema ba ya bukatar yawan tambaya. Idan ya matso kusa, hancinsa ne jagora. Yaro ya toshe hanci da bakin riga. Wani matashi da ke cikin rami har gwiwa ya yi dariya, ya ce masa: "Ƙanena, saki hancinka. Wannan warin shi ke ciyar da gidanmu."

Wurin fili ne mai ramuka da manyan tukwane da aka binne a ƙasa. Ruwan wani rami fari ne, na wani toka-toka, na wani ja kamar shayi mai kauri. Ga tulin gashi a gefe. Ga fatu shanye bisa igiyoyi. Kowa da aikinsa: mai ɗebo ruwa, mai daka, mai karta, mai matsa. Yawancinsu gadon sana'ar suka yi daga iyaye da kakanni.

Aka kai manomi wurin wani dattijo da ke zaune bisa buzu. Suka gaisa, aka tambayi gida da bisashe. Manomi ya faɗi abin da ke tafe da shi. Dattijo ya ce ya dakata tukuna, ya fara ganin yadda ake aikin, don gani ya kori ji.

Ga yadda fata take bi a majema.

Da farko ana jiƙa ta cikin ruwa, kwana ɗaya ko biyu, har ta yi laushi kamar ranar da aka feɗe ta. A nan jini da ƙasa suke fita.

Na biyu, a sa ta cikin ruwan toka mai ƙarfi. Wasu suna ƙarawa da farar ƙasa. Tana kwanaki a ciki har gashi ya saki. Toka a nan abin saye ce. Mai cewa wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi, to ga wurin.

Na uku, a shimfiɗa ta bisa gungumen ice mai sulɓi, a karce gashin da kartaji. Kartaji ƙarfe ne mai mariƙi biyu. Ana riƙe shi da hannu biyu ana turawa. Sai a juya ta a kankare sauran nama da kitse.

Na huɗu, a wanke ta, a sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tantabaru. Wasu suna aiki da ganyen fataka, wannan tsiro mai yaɗo mai farin nono da ke fitowa a daji. Amfanin wannan mataki shi ne a fitar da zafin toka, fata ta saki jiki. Idan ta wuce lokaci a ciki sai ta ruɓe. A nan ake gane gwani.

Na biyar shi ne jima kanta. Ana daka ƴaƴan bagaruwa a turmi, a jiƙa garin a ruwa. A tsoma fata, a riƙa murza ta ana matsawa, ana sake ruwa, har bagaruwa ta ratsa ta ciki da waje. Majemi yakan yanki ɗan gefe ya duba. Idan tsakiya tana da sauran fari, ba ta nuna ba. Bagaruwa ce take hana fata ruɓewa. Ɗanyar fata idan ta jiƙe sai ta yi wari. Jemammiya kuwa ko ta jiƙe, ta bushe ta koma yadda take.

Na shida, a wanke, a shanya a inuwa, a shafa mata man gyaɗa. Sannan a ja ta, a buga ta, a murza, har ta yi laushi kamar ƙyalle.

Daga jiƙo zuwa shafa mai, fatar akuya takan ci mako guda ko fiye. Ƙirgin sa ya fi haka daɗewa, don ya fi kauri.

Sai rini. Jan launi daga karan dafi yake fitowa, wato wata irin dawa da ake shukawa don rini, ba don ci ba. Ana jiƙa ɓawon karan da ruwan toka ko kanwa. Baƙi shi ne kuloko: guntayen ƙarfe daga maƙera ake jiƙawa har su yi tsatsa. Da ruwan ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa, sai wurin ya koma baƙi wuluk. Rawaya daga gangamau. Kore kuma da garin tagulla ake haɗa shi. Yanzu galura ta kanti ta yi yawa, don ta fi sauƙi, amma dattijo ya ce jan karan dafi ya fi ta jure rana.

ABIN DA DATTIJO YA NUNA

Da suka gama zagaya, dattijo ya ce a kwance fatun nan 4.

Ya ɗaga ta fari sama. Hasken rana ya ɓullo ta huji 3. Ban da hujin, ga wuraren da wuƙa ta shiga rabin kauri ba ta fasa ba. Dattijo ya ce: "Ɗana, wa ya feɗe wannan?" Manomi ya ce ƙanensa ne, ranar layya, ana gaggawa. Dattijo ya ce waɗannan wurare, da kartaji ya hau su, sai su yage. Baduku ba ya iya fitar da fuskar jaka ɗaya daga cikinta.

Ta biyu ba ta da huji ko ɗaya. Ta bushe ƙamas kamar faranti. Manomi ya ce: "Baba, ita wannan fa? Ni da kaina na shanya ta." Dattijo ya tambaye shi inda ya shanya. Ya ce bisa rairayi, a tsakar rana, don ta bushe da wuri. Dattijo bai ce kome ba. Ya kira wani yaro ya kawo wata fata daga ramin jiƙo, irin wadda aka shanya haka. Ya sa ɗan yatsa ya goga. Fuskar fatar ta saluɓe kamar takardar da ta sha ruwa. Ya ce rana mai zafi takan busar da waje da sauri, ciki yana ɗanye. Ga ƙasa a ƙarƙashi, iska ba ta shiga. Sai ciki ya ruɓe ba wanda ya gani. Kitsen da aka bari kuma ya narke ya ƙona fatar. Ɓarnar ba ta bayyana sai a majema, bayan majemi ya biya kuɗinsa. Shi ya sa mai saye a kasuwa yake tsoron irinta.

Ta uku fatar tsohuwar akuya ce da ta sha ƙazuwa da kaska. Duk inda kaska ta kama, ta bar tabo. Ta huɗu kuwa an ajiye ta a ƙasa cikin ɗaki wata biyu, ƙwari sun cinye gefenta.

Manomi ya yi shiru. Can ya ce: "Ashe Alhaji bai cuce ni ba."

Dattijo ya ce: "Mu a nan ba mu iya gyara abin da aka ɓata a ƙauye. Wanda ya riƙe wuƙa, da wanda ya shanya, su ne suke yanka wa fata kuɗinta. Mu bin baya muke yi."

Ya ƙara da cewa ƙiraga ma haka. Makiyayi yakan sa wa sa wutar shaida ko lalas a haƙarƙari ko a cinya, inda fata ta fi kyau da faɗi. Da a ƙasan ƙafa ko a kumatu aka sa, da ƙirgin ya tsira. Ga kuma wata damuwa: ƙiraga da yawa yanzu ba su isowa majema. Ƴan kasuwa suna kai su Najeriya, inda ake dafa su a ci, abin da ake kira ganda.

Ya nuna tulin buhunan bagaruwa. Ya ce mata da yara ne suke tsinto ta a fadamu da bakin tabkuna, su sayar da tiya. Duk wanda ya sare icen bagaruwa don itacen wuta, ya ci kuɗi sau ɗaya. Wanda ya bar shi tsaye, kowace shekara yana da abin sayarwa.

JAR AKUYA

A igiyar ƙarshe akwai wasu fatu da aka ware dabam. Dattijo ya miƙa wa yaro ɗaya, ya ce ya dunƙule ta cikin hannu ya saki. Yaro ya dunƙule, ya saki, ta miƙe ba ko alamar karaya. Fatar jar akuyar Maraɗi ce.

Wannan akuya an fi samunta a ƙasar Maraɗi da Tasawa, har zuwa yammacin Damagaram, da kuma ƙasar Sakkwato a Najeriya. Gashinta ja ne gajere, mai sheƙi. Tana yawan haihuwar tagwaye, tana kuma da nono. Fatarta ba ta da kauri, amma tana da ƙwari da laushi, fuskarta kuma lumui. Masu aikin fata a Turai sun daɗe da saninta. Saboda darajarta aka buɗe gidan kiwonta a Maraɗi a 1963, don a tsare irin, a riƙa ba ƙauyuka bunsuraye nagari. Idan aka bar kowane bunsuru yana barbarar jajayen awaki, iri yakan gauraye, fata ta rage daraja.

A da, gwamnati tana da kamfanin sayen fatu da ƙiraga mai suna SNCP, da masana'antar jima a Maraɗi mai suna SONITAN. Duka sun daina aiki. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun kashe bisashe masu yawa. Dattijo ya ce a waɗannan shekaru fatu sun yi yawa har ba wurin ajiya, amma fatar dabbar da yunwa ta kashe ba ta da jiki. Fata mai kyau daga dabba mai ƙoshi take fitowa.

ZAUREN DUKAWA

Bayan azahar dattijo ya haɗa su da wani jikansa, ya raka su cikin Birni, zauren wani baduku da ke sayen fata a hannunsu.

A nan ba wari, sai ƙamshin fata da mai. Mutum 5 suna zaune bisa tabarma, kowa da ɗan allo a gabansa. Kayan aikinsu ba su da yawa: wuƙa mai kaifi, almakashi, basilla, dutsen wasa wuƙa, da ƴan ƙarafa na buga zane. Duk za su shiga cikin zabira ɗaya.

Bango kuwa cike yake da kaya. Ga gafaka ta ajiye Alƙur'ani. Ga alabe mai aljifai, wanda ake ratayawa a wuya. Ga kuben wuƙa da na takobi. Ga layu, irin waɗanda ƴan kokawa suke ɗaurawa. Ga takalma, ga matasan kai masu zane ja da kore da rawaya. Ga kayan doki na hawan salla, lokacin da Sarki yake fita da mahaya. Ga kuma jakunkunan mata da ɗamara, irin na zamani, waɗanda ake kai wa Yamai, wajen kilomita 900 daga nan. A can ana sayar da su a gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, da kuma kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata.

Yaro ya tsuguna kusa da babban baduku yana kallo. Baduku ya ɗora ma'auni na kwali bisa fata, ya zagaye shi, ya yanka. Ya fere bakin fatar ya rage mata kauri, don ninki ya kwanta. Ya tsaga wata fata siri-siri kamar zare. Ya huda da basilla, ya zura, ya ja. Huji bayan huji, duk tazararsu ɗaya, ba tare da ya auna ba. Wajen ado kuma, ya yanke zane a jar fata, ya sa koriya a ƙarƙashi, sai kore ya leƙo ta cikin ja.

Baduku ya ce aikin ba na maza kaɗai ba ne. Mata da yawa a cikin gidaje suna yin ado da tufka igiyoyin fata, yara su kawo zaure a haɗa. A Agadas da ƙasar Tawa ma, wurin Buzaye, matan maƙera ne suke yin yawancin aikin fata, irin jakunkunan raƙumi masu dogayen tuntaye.

Manomi ya tambaye shi ko kasuwa tana tafiya. Baduku ya girgiza kai. Ya ce roba ta ci rabin sana'ar. A da kowace rijiya da gugan fata, yanzu na roba ne. A da matafiyi ba ya tashi sai da salka, yanzu bido. A da hatsi a taiki ake zuba shi, yanzu buhu. Takalman roba kuma sun cika kasuwa, ga araha. Amma ya ce takalmin roba idan ya tsinke sai juji, na fata kuwa a ɗinke shi a ci gaba da tafiya. Ruwan salka kuma yana yin sanyi a rataye, na bido sai ya yi zafi kamar an dafa.

Sannan ya ɗauko wata jaka da ya gama jiya. Fatar akuya ɗaya ce ta shiga cikinta. Ya faɗi kuɗin da za a saye ta. Manomi ya lissafa a ransa, ya ga ya ninka kuɗin ɗanyar fata sau da yawa. Baduku ya ce: "Ka gani? Duk fatar da ta fita ƙasar nan ɗanya, aikin majemi da na baduku ya fita tare da ita."

Ganin yadda yaro ya ƙura ido, baduku ya ce masa: "Samari, ko kana so?" Yaro ya sunkuyar da kai. Baduku ya tattara guntayen fata da suka rage a ƙasa, ya haɗa masa da tsohuwar basilla. Ya nuna masa ɗinki iri biyu, ya sa shi ya gwada har sau uku. Ya ce ya fara da kuben wuƙa. Idan kube ya fito daidai, ya yi alabe.

Ya ce wa uban: "Ba sai an gada ba. Akwai manoma da suke zuwa nan da rani su koya. Wani don ya gyara kayan gidansa, wani don sha'awa kawai, yana zaune da dare ana hira hannunsa yana aiki. Wanda ya iya ɗinke ragamar jakinsa da takalmin ɗiyansa, ya rage kashe kuɗi. Wanda ya ƙware kuma, ba lalle ne ya tafi cin rani ba."

ABIN DA ZA A KIYAYE A ƘAUYE

Kafin su bar gari, manomi ya fitar da ɗan littafinsa na makarantar yaƙi da jahilci. A shafin baya ya rubuta abin da ya ji, da hannunsa, sannu a hankali. Ga shi:

1. A feɗe dabba da zarar an yanka, tun jiki yana da ɗumi. Wuƙa ta tsaga kawai. Sauran aikin a yi shi da dunƙulen hannu, a riƙa turawa tsakanin fata da nama.

2. A cire sauran nama da kitse, a wanke jini.

3. Kada a shanya a ƙasa, kada a shanya a rana. A ɗaure ta da igiyoyi a miƙe, a inuwa, inda iska take bugun ta gaba da baya. Mai halin gishiri ya barbaɗa mata a gefen nama tun tana ɗanya.

4. Idan ta bushe, a yi mata ninki ɗaya kawai bisa tsawon baya. A rataye ta sama, nesa da gara da ƙwari da karnuka. Kada ta daɗe a gida.

5. A yi wa bisashe maganin kaska da ƙazuwa wurin ma'aikatan dabbobi. Kada a sa wuta a haƙarƙari ko cinya.

6. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta. Wataƙila ciwon saifa ne, kuma yana kama mutum ta fata. A kira ma'aikatan dabbobi.

7. Kada a sare bagaruwa.

KOMAWA GIDA

La'asar sakaliya suka koma Kasuwar Dole. Manomi ya ce: "Alhaji, ka yi mini gafara. Na je na gani." Alhaji ya yi murmushi, ya ƙirga masa kuɗin fatu 8: uku cikakke, biyar rabi. Hatsin da ya auna bai kai rabin abin da ya sa rai ba. Ga shi kuma sai ya je ya yi wa masu saƙo bayani, ɗaya bayan ɗaya, dalilin da kuɗinsu ya zo kaɗan. Wannan ya fi nauyin buhun damunsa.

Fatun nan 4 bai yar da su ba. Ya ce zai rataye su a zauren mai gari, duk mai shakka ya ɗaga su ya duba da hasken rana.

Motar Mirya ta tashi gab da magariba. Duwatsun Damagaram suka yi ja, sannan suka ɓace a baya. Uban yana riƙe da bakin buhu, yana tunanin inda zai kafa itatuwa 4 na shanya a ƙarƙashin bedin ƙofar gida kafin wata layya. Yaro kuwa ya fitar da guntun fata daga aljihu, ya ɗora bisa gwiwa, yana gwada basilla duk da girgizar mota.

Allah ya ba manoma da makiyaya damina mai albarka, ya sa bisashe su ƙoshi. Amin.